Wane haki ya dace da inuwar gidanka?

 

Darasinmu na wannan hitowa a kan ɗan hilin nan yake wanda kusan kowane gida yake da shi: bayan ɗakuna, gindin darni, ko ƙuryar garka, inda icce ya yi inuwa, hatsi ba ya yi, an bar wurin ga kaji da toka da tsohuwar leda. Sau da yawa, a kasuwar bisashe ko wurin allurar rigakahi, ana tambayata: «Malam, in na shuka haki a wurin nan, zai yi?» Zai yi, amma ba kowane haki ba, kuma ba cikin kowace inuwa ba.

Akwai wani dattijo a wani ƙauye da na yi aiki. Ya biya amalanke ta ɗauko mashi tushen gamba daga daji, ya dasa ƙarƙashin bedi ukku da ke bayan ɗakinshi. Yara sunka sha ɗaukar ruwa. Gambar ta hito siririya, ganye ɗorawa, ba ta ga damina ta biyu ba. Taki goma daga wurin, a gindin katanga, kyasuwa ce ta hito da kanta har ƙugu, ba wanda ya shuka ta. Da ya dubi abin da wurin yake hiddawa tun farko, da kuɗinshi da wahalar yara ba su tahi banza ba.

1. Mi ya sa za mu wahala da ɗan hili?

Tsohinmu sun ga farin 1973 da 1974 da na 1984. Mu kuma mun ga ƙarancin haki na 2005 da na 2010, lokacin da bisashe sunka faɗi, waɗanda sunka saura anka saida su kuɗin kaza. Ko a shekara mai kyau, daga watan Afrilu zuwa saukar ruwa kowa ya san halin da ake ciki: kara ya ƙare, harawa ta yi tsada, dussa sai mai hali. Gonaki sun matse burtali, garmani ya cinye makiyaya da yawa.

Ɗan hilin bayan ɗaki ba zai ciyar da garke ba, kada wani ya ruɗe ka. Amma yana iya riƙe ragon layya guda, ko jar akuya mai nono wadda yara ke sha, a cikin kwanakin da sunka hi wuya. Kuma ɗanyen haki yana da abin da busasshen kara ba ya da shi, wato bitamin A. Rashinshi ne ke kawo dundumi ga bisashe a ƙarshen rani, yana kuma rage haihuwa.

2. Ka auna inuwa kahin ka taɓa kalme

Haki da hasken rana yake haɗa cimakarshi. In haske ya yi kaɗan, sai ya yi tsawo siriri, saye ba ƙarhi, in an yanke shi ba ya tohowa da sauri. Don haka aikin farko shi ne ka san awa nawa rana take taɓa wurin.

Ga dabara mai sauƙi. Ka kafa tsinke a tsakiyar hilin. Ka leƙa shi sau biyar a yini guda: ƙarhe 8, ƙarhe 10, ƙarhe 12, ƙarhe 2 da ƙarhe 4. Duk lokacin da ka iske rana bisa tsinken, ka aje tsakuwa guda. Kowace tsakuwa wajen awa 2 ke nan.

Tsakuwa 3 ko hiye: awa 6 zuwa sama. Wurin rana ne, kusan kowane haki zai yi.

Tsakuwa 2: wajen awa 4. Rabin inuwa ke nan, sai an zaɓi iri.

Tsakuwa 1 ko babu: inuwa ce mai duhu. Kada ka ɓata iri.

In hilin yana da faɗi, ka kafa tsinke ukku ko huɗu, don ƙurya da ƙurya ba ɗaya ba ne.

Ka lura kuma, inuwa tana tahiya da lokaci. A ƙasarmu, daga wajen ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta, rana tana bi ta bisa kai, har ta ɗan karkata arewa, inuwar katanga gajera ce da tsakar rana. Amma da dari rana tana komawa kudu: a watan Disamba, katanga mai metir 2 tana jefa inuwa wajen metir ɗaya da rabi ta gehen arewa. To in hakin damina za ka yi, ka auna da farkon damina. In na ban ruwa ne, ka sake aunawa da dari.

3. Kowane icce da irin inuwarshi

Gao. Shi ne abokin manomi da makiyayi. Yana zubar da ganye in damina ta kama, ya tohu in ta wuce. Da damina inuwarshi ba ta hana komi, ƙasar gindinshi kuma mai taki ce. Ba abin da ya hi shi ga hakin damina.

Aduwa, magarya, bagaruwa, zogala. Inuwarsu yayyahi ce, rana tana ratsawa. Rabin inuwa ce mai kyau.

Bedi. Inuwarshi mai kauri ce rani da damina, sayunshi kuma suna bazuwa kusa da bisan ƙasa suna shanye ruwa. Ka bar gindinshi, ka shuka daga inda rassa sunka ƙare.

Mangwaro. In ƙarami ne, ana iya yin haki tsakanin layi shekaru kaɗan. In ya girma ya haɗe, zance ya ƙare.

Tsamiya. Ka dubi gindin kowace tsamiya da ka sani, ƙasa ce tsirara. Ba a gardama da ita.

Turare. Yana shan ruwa ƙwarai, ganyenshi da ya zuba kuma ba ya barin tsiro ya yi ƙarhi.

Wani zai ce: to ai sai in sare iccen. A'a. Iccen ya hi hakin daraja, yana tare iska, yana ba da inuwa ga bisa da mutum. Ana iya rage ƙananan rassa na ƙasa, har tsawon mutum ya miƙa hannu, don ranar sahe da ta marece ta shiga ta gehe. Ka yi da adda mai kaihi, kada ka yage ɓawo. Kuma ka tuna gao yana cikin itatuwan da doka ta kare, dokar daji ta 2004 tana nan. Kahin ka taɓa shi, ka ga ma'aikacin daji na wurinku.

4. Ƙasa da ruwa

Ƙasar bayan ɗaki ba kamar ta gona take ba. An taka ta shekara da shekaru ta yi tauri, ga toka, ga leda, ga fasassun kwalabe, ga tsohin pil na rediyo. Ka tsince duka. Leda tana toshe tumbin bisa, pil kuma guba ne. Ka tona rami mai zurhin kamu ɗaya, ka cika shi da ruwa. In ruwan ya shanye kahin ka gama shan shayi, jigawa ce, tana son taki sosai don ta riƙe raɓa. In ya wuni bai shanye ba, laka ce ko ƙasar ta danne, sai an kabce ta da zurhi.

Sannan ka san ruwan saman wurinku. A shekara matsakaiciya, Tawa da Damagaram suna samun wajen milimetir 350 zuwa 450, Maraɗi wajen 500, Yamai wajen 550, Gaya wajen 800. Hakin da ya yi kyau a Gaya ba lalle ya yi a Tawa ba. Amma gida yana da wata riba: ruwan indararo. Milimetir ɗaya na ruwa litir ɗaya ne bisa kowane metir kare. Ɗakin kwano mai metir 4 da metir 5, in anka yi ruwa milimetir 20, yana zubo litir 400. Ka ja ƴar hanya daga indararo zuwa hilin, nesa da gindin gini.

5. Irin hakin da za ka zaɓa

Kyasuwa (Pennisetum pedicellatum). Ita ce ta ɗaya ga rabin inuwa in ba ka da ruwan bayi. A daji ma gindin itatuwa da cikin kalgo da sabara take so. Hakin shekara guda ce, tana hitowa da damina, ta yi iri, ta bushe. Tana da ganye, bisashe suna sonta in tana ɗanya, tana kuma yin busasshen haki mai kyau in an yanke ta da wuri. In ta tsufa ta zama kara, anfaninta ya ragu.

Garaji da harkiya. Su ma na shekara guda ne, suna hitowa gindin itatuwa da gehen gonaki inda akwai taki. Ba su kai kyasuwa auki ba, amma suna da laushi, doki da ƴan raguna suna sonsu. In sun hito da kansu, kada ka nome su.

Balasa. Ba ta cikin dangin haki, amma tana son inuwa da raɓa, tana bin ƙasa tana ruhe ta. Ruwa ya yi mata yawa, don haka a haɗa ta da busasshe.

Gamba (Andropogon gayanus). Tana shekara da shekaru a tushe guda, tana jure fari, tana tohowa da ruwan farko kahin sauran haki, ga zana da ake yi da ita. Amma ƴar rana ce. Ka ba ta gehen da ya samu tsakuwa 3, ko ƙarƙashin gao, ko ka jera ta a bakin darni inda rana ke bugawa.

Ciyawar Gine (Panicum maximum). Cikin manyan haki masu daɗewa, ita ce ta hi jure rabin inuwa, shi ya sa a ƙasashen kudu ake shuka ta ƙarƙashin itatuwa. Amma tana son ruwa da taki. A ƙasarmu, in ba wajen Gaya ba, sai mai rijiya ko pampo, ko mai garka a fadama. In kana da ruwa, ita ce zaɓinka.

Wake da kudaku. Wake ya saba da inuwar hatsi, don haka yana jure rabin inuwa. Ƴaƴa za su ragu, amma harawa muke nema. Yana ƙara ma ƙasa ƙarhi, harawarshi kuma tana gina jiki hiye da haki. Yaɗon kudaku shi ma cimaka ce mai kyau ga awaki, in akwai ban ruwa.

Waɗanda ba na inuwa ba. Ƙarangiya, komayya da gadagi na hilin rana ne. Burgu na ruwa ne da rana, wurinshi bakin kogi da tabki. Ciyawar giwa, har da irin da ake kira maralfalfa, tana ba da yawa, amma sai da cikakkar rana da ruwa mai yawa.

6. Zancen gazon

Waɗansu, musamman mazauna birni masu ɗan kiwo a gida, suna son haki gajere shimhiɗaɗɗe, wanda ake ce ma gazon, don ƙura ta kwanta, yara su zauna. Ga abin da ya kamata ku sani.

Kiri-kiri, wadda wasu ke kira tsarkiyar zomo (Cynodon dactylon), ita ce ake shimhiɗawa a hilayen ƙwallo na ƙasashen zahi. Tana jure taku, tana jure kiwo, bisashe suna cinta. Amma cikin irin gazon duka tana cikin waɗanda sunka hi ƙin inuwa: in ba ta samu awa 6 ba, sai ta yi sanƙo. Kuma in ta shiga garka, hidda ta aiki ne, don kowane guntun saye tsiro yake.

Akwai wani gazon mai faɗin ganye da masana ke kira Stenotaphrum. Shi ne ya hi jure inuwa cikin na ƙasashen zahi. Yaɗonshi ake dasawa, ba iri ba, kuma ba ya rayuwa a rani sai da ban ruwa.

Irin gazon na cikin kwali da ke zuwa daga Turai, mai hoton kore shar, har an rubuta cewa na inuwa ne, yawanci na ƙasashen sanyi ne. Zai tsira da dari, ya yi kyau wata biyu ko ukku, zahin Afrilu ya ƙone shi.

In ƙura kawai kake son kashewa da damina, guɗe-guɗe da harkiya da ke hitowa da kansu sun isa, ka riƙa rage masu tsawo da lauje kana ba bisa.

7. Inda haki ba zai yi ba

Inuwa mai duhu ba asara ba ce. Nan ne wurin turke, don bisar da ke cikin inuwa ta hi cin abinci da zahi. Nan ne wurin shanya haki da rumbun harawa. Nan ne kuma wurin ramin taki, don inuwa tana hana shi bushewa. Ka ba kowane wuri aikin da zai iya.

8. Shuka da dashe

Shinge shi ne farko. Hilin da ba darni, na awakin maƙwabta ne.

Ka kabce ƙasa zurhin kamu ɗaya, kada ka datse manyan sayun icce. Ka zuba ruɓaɓɓen taki, wajen kilo 1 zuwa 2 ga metir kare. Ɗanyen kashin garke bai dace ba, za mu ga dalili a gaba.

Kyasuwa: ka tara iri da kaka, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, in kai ya nuna, ka aje shi cikin buhu wuri busasshe. Irin yana da gashi, iska tana ɗauke shi, don haka ka cuɗa shi da jiƙaƙƙen rairai. Ka jira ruwa ya zauna, kada ka bi ruwan farko. Ka ja layi, tsakanin layi da layi kamu biyu, ka zuba, ka ruhe sama-sama da reshen ƙaya. In ka binne shi hiye da santimetir ɗaya, ba zai hito da kyau ba.

Gamba da ciyawar Gine: dashen tushe ya hi sauri. Cikin Yuli ko farkon Agusta, bayan ruwa mai kyau, ka raba tushe, kowane rabo da kara 3 zuwa 5 da sayensu. Ka datse ganye ka bar wajen santimetir 20. Ka dasa da marece, rabin metir tsakani ga ciyawar Gine, rabin metir zuwa metir ɗaya ga gamba, ka danne ƙasa da ƙafa. In daga daji ko gonar wani za ka ɗebo, ka nemi izini, kuma ka ɗauki rabin tushe ka bar rabi.

A inuwa kada a cika shuka. Tsiron da ke rabon haske kaɗan, in ya yi cunkoso duka suke lalacewa. Ka yi noma sau biyu cikin wata na farko.

9. Yanka

A yanka a kai ma bisa, kada a sake ta ciki. Hakin inuwa saye gare shi mara ƙarhi, tunkiya tana tumɓuke shi, taku yana kashe shi.

Kyasuwa ana yankanta in kai ya fara hitowa, kahin hure ya buɗe. A lokacin ne yawa da kyau sunka haɗu. Ka bar ƙurya guda ta yi iri don baɗi.

Gamba da ciyawar Gine a bar masu tushe santimetir 15 zuwa 20. A rana ana iya yankan ciyawar Gine duk sati 4 zuwa 6 in akwai ruwa. A inuwa ka ƙara mata kwanaki, don tana jinkirin maida ƙarhi. Gamba, a shekarar farko yanka guda ya isa.

Hakin ajiya ka bar shi ya sha rana yini guda, kana juyawa, sannan ka ƙarasa shanya a inuwa. Wanda ya bushe da korenshi ya hi wanda rana ta mayar fari. Ka aza shi bisa rudu, nesa da ƙasa da gara da ruwa. Wanda ya yi hunhuna kada a ba bisa.

10. Haɗari biyar

Na ɗaya, gubar taki. Hakin da ya sha taki da yawa, ga inuwa, ga kwanakin hadari ba rana, yana tara wani gishiri da ake kira nitarat, musamman a gindin kara. Rukuɓu da ke hitowa bisa juji shi ma yana tara shi. Na taɓa zuwa wani gida inda uwargida ta yanko haki kore shar daga tsohon garke ƙarƙashin icce, da sassahe, ta zuba ma awakinta da sunka kwana da yunwa. Kahin in iso biyu sun mutu, guda muka samu da rai. Alamu su ne haki-haki, makyarkyata, tangaɗi, dadashi da cikin ido su yi duhu, jini ya koma kalar ƙasa-ƙasa. Mai ciki tana iya ɓari. Akwai allurar da ake yi, amma sai an kira ma'aikacin kiwo da gaggawa. Rigakahi: kada a cika taki, kada a watsa ire a inuwa mai yawa, a yanka da marece bayan haki ya ga rana, a bar gindi, a fara ba bisa busasshe kahin ɗanye. Shanya ba ta hidda wannan guba.

Na biyu, gyauro da kumburi. Ƙaramar dawa da gyauronta, wadda ba ta kai rabin metir ba, tana da guba mai kisa nan take. In ta hito cikin hilin, ka tuge ta. Marak da ɗanyen ganyen wake, in bisa mai yunwa ta cika ciki da su da raɓa, suna kawo kumburin ciki. A bari su sha iska, a ba da kaɗan-kaɗan.

Na ukku, tsutsar ciki. Rana tana kashe ƙwan tsutsa da ke cikin kashin bisa, inuwa da raɓa suna raya shi. Da damina, cikin sati guda ƙwan ya ƙyanƙyashe, ƴaƴan sun hau ƙasan ganye suna jira. Wannan ne dalilin da ya sa munka ce a ruɓar da taki, a yanka sama, kada a ɗaure bisa cikin hilin. Ka riƙa buɗe fatar idon tunkiya da akuya: in ta yi fari, ko ƙarƙashin haɓa ya kumbura, tsutsa ce ke shan jini. Maganin tsutsa a farkon damina da ƙarshenta, da shawarar ma'aikaci, don akwai wanda ba a ba mai sabon ciki.

Na huɗu, ƙazantar mutane. Kada hilin ya zama wurin zagayawar yara, kuma kada ruwan salga ya bi ta ciki. Ƙwan tsila daga cikin mutum yake hita, saniya ta ci da haki, ya zama ƙwayoyi farare cikin nama. A mahauta za a kama naman, asara ga mai shi, in kuma anka ci bai dahu ba, tsila ta koma ga mutum.

Na biyar, miyagun tsiro da maƙwabtansu. Zaƙami, cika-gida da rai-ɗore suna son bayan ɗaki, kuma duka guba ne. Ka tuge su kahin ka sa lauje, don bisar turke abin da anka zuba mata take ci. Ka bar hanya mai faɗin metir ɗaya tsakanin haki da ɗaki saboda maciji da sauro. Busasshiyar gamba kuma kada ta kwana kusa da madafa.

11. Mu yi lissahi

Bisa tana cin busasshiyar cimaka wajen kilo 2 da rabi zuwa 3 ga kowane kilo 100 na nauyinta a yini. Saniya mai kilo 250 tana son kilo 6 da ɗan ɗori. Rago mai kilo 40 yana son kilo ɗaya ko hiye kaɗan. Ɗanyen haki kuwa, kashi ukku cikin huɗu ruwa ne: kilo 4 na ɗanye shi ne wajen kilo ɗaya na busasshe.

Ka auna hilinka da kanka. Ka yanke metir ɗaya da metir ɗaya, ka kai ma mai sikeli. A ce ka samu kilo ɗaya na ɗanye, wato garam 250 busasshe. In hilin metir 10 ne da metir 10, kilo 25 ke nan: cimakar rago guda ta wajen kwana 25, ko ta saniya ta kwana 4. Ka ga dalilin da ya sa na ce na rago ne da akuya. In kuma ka riƙa ba da rabin kilo a yini bisa kara da dussa, zai kai ka kwana 50, wato daga tsakiyar Mayu har farkon Yuli.

Mai son ban ruwa shi ma ya yi nashi lissahi. A ce kowane metir kare yana shan litir 5 a yini da rani. Hili mai metir 4 da metir 5 zai sha litir 100, bido 5 masu litir 20, kullum. Wa zai ɗauko? In uwargida da yara ne, a zauna da su tun kahin a dasa. In rijiya tana da nisa, ka tsaya ga kyasuwa da wake na damina, ka yi ajiya.

Shawarata, bana ka fara da kaɗan. Ka raba hilin biyu ko ukku, ka gwada iri biyu ko ukku, ka ga wanda wurin ya karɓa. Baɗi sai ka faɗaɗa shi.

Tambayoyi don tattaunawa a ƙungiya

1. Tsakuwa nawa hilinka ya samu, kuma wane icce ke yi mashi inuwa?
2. Wane haki ke hitowa da kanshi a wurin?
3. Mi ya sa gamba take yi ƙarƙashin gao, ba ta yi ƙarƙashin bedi?
4. Mi ya sa ba a ba bisa mai yunwa ɗanyen hakin tsohon garke da sassahe?
5. Wa ke da tushen gamba ko irin kyasuwa a garinku da zai iya raba ma sauran?

Wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba, a kai ma mata su ma, don su ne da awakin gida. Mai tambaya ya zo ma'aikatar kiwo ta kusa da shi, ko ya tare mu ranar kasuwa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare bisashenmu. Sai wata hitowa.